Hannun Gidan Mai Agogo

A makarantar da take koyar da lissafi Malama ake ce mata, amma a gida har gobe Minti ce. Mahaifinta, mai gyaran agogo, shi ya laƙaba mata sunan tun tana ƙarama, saboda duk wanda ya kira ta sai ta ce, "Minti ɗaya, ina zuwa," sannan a shafe rabin awa ba a ga ƙeyarta ba. Su uku ya bari da ya rasu, duk mata: Yaya, sai ita, sai Auta.

Shekara guda ke nan da al'adarta ta rikice. Jinin da a da yake kwana biyar ya koma kwana goma, wani watan har sha biyu, ga guda-guda. Ta daina sa kaya masu haske. Ta koyi yin darasi a karkace, bayanta na wajen bango, don kada ta juya yara su ga abin da bai kamata ba. Ranar da jiri ya kwashe ta tana tsakiyar rubutu a allo har ta dafa tebur, mataimakiyar shugaban makaranta ta karɓe allin daga hannunta ta ce, "Malama, kin yi fari fat kamar takarda. Gobe kada in ga ƙafarki a nan sai da katin asibiti."

Likitar mata dattijuwa ce, tabarau a rataye a wuya. Ta kwantar da ita, ta shafa mata wani abu mai sanyi a mara, tana zagaya na'urar hoto tana duban allon da ke gefe.

"Uku ne," in ji ta. "Babban ya kai lemo. Ƙari ne a mahaifa. Kwantar da hankalinki, ba daji ba ne, kuma mata da yawa na ɗauke da shi ba su ma sani ba. Naki dai ya fara shanye miki jini, sai an cire."

"Na san shi," in ji Minti. "Yayata ta yi. Ita har mahaifar aka ɗauke mata."

Ta kama ƙarfen gadon ta yunƙura ta zauna. Da ta zo sauka, hannun ya ƙi sakin ƙarfen. Yatsun sun naɗe sun ƙage, kamar na wani ne ba nata ba. Ta sa hannun hagu tana ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, tana dariya.

"Kada ki damu, likita, hannun gidanmu ne. A unguwa cewa ake 'yan gidan mai agogo in sun riƙe abu ba sa saki. Babanmu in ya gaisa da mutum sai mutumin ya nemi izinin tafiya da hannunsa."

Likitar ba ta yi dariya ba. Ta mayar da tabaran idonta, ta miƙo yatsu biyu. "Damƙe da ƙarfi. To, saki."

Yatsun Minti suka buɗe a hankali, sai da aka ƙirga kusan biyar. Likitar ta ɗauko wata 'yar guduma ta roba ta ƙwanƙwasa tsokar gindin babban yatsa. Yatsan ya lanƙwashe zuwa cikin tafi, ya tsaya a can kafin ya dawo.

"Baban naku yana raye?"

"Ya rasu."

"Me ya same shi?"

Minti ta ba ta labari. Wata rana da la'asar aka tarar da shi a shago ya kifa kai a kan tebur, a tsakiyar agoguna da ƙananan sukudireba. Maƙwabcinsa mai gyaran rediyo ya leƙo sau biyu yana komawa, ya ɗauka gyangyaɗinsa ne da ya saba. Shekararsa hamsin da uku. Likitar ta ci gaba da tambaya: ya yi yanar ido da wuri? Ya yi, tun bai rufe arba'in da biyar ba. Fatar idonsa takan sauko? Takan sauko, har mutane na cewa kallon raini yake musu. Ita fa, tana yawan barci da rana? A ofishin malamai tsokanarta ake yi cewa ko a kan kujerar likitan haƙori za ta iya barci.

"Ba zan taɓa ki da wuƙa ba sai likitan jijiya ya gan ki," in ji likitar.

Mako shida aka ɗauka. An soka mata siraran allurai a tsokar hannu, na'urar tana wani kuka kamar babur da ke gangara tudu. An manna mata wayoyi a ƙirji an auna bugun zuciya. An ɗebi jini an aika wani babban ɗakin gwaji. Ranar da sakamako ya dawo, likitan jijiya, wani mai sanyin murya, ya faɗi sunan ciwon da Turanci, dogo ne, bai zauna mata ba. Sai ya sake faɗa yadda za ta gane: ciwo ne na gado da ke hana tsoka sakewa bayan ta ɗaure, yana raunana ta a hankali, yana taɓa ido, yana iya taɓa bugun zuciya. Ba a warkar da shi, amma ana sa masa ido, kuma sa idon na ceton rai. Duk ɗan da mai ciwon ya haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Kuma a wasu gidajen yakan fi tsanani a 'ya'ya fiye da iyaye, musamman in ta wajen uwa ya biyo.

Ita da take koya wa yara wannan lissafin da jefa kwabo sama, ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. 'Yarta ɗaya ce, shekararta sha ɗaya. Auta kuma na da cikin fari, wata shida.

Ta koma wajen likitar mata da takardun, ta yi tambayar da ta kwana biyu tana cin ta. "Shi ne ya jawo min ƙarin? Ni da Yaya?"

Likitar ta ɗan jima tana juya biro. "Gaskiya ban sani ba. Akwai masu bincike da suka lura kamar matan da ke da wannan ciwo sun fi yawan samun ƙarin mahaifa. Kamar, na ce. Ba a tabbatar ba, ba a kuma san ta yadda ɗaya zai haifar da ɗayan ba. Ƙarin nan ya yi yawa a mata, ta yiwu haɗuwa ce kawai suka yi a jikinku. Abin da na tabbatar shi ne maganin barcin tiyata na iya yi wa irinku illa. Da na shigar da ke ban sani ba, da wataƙila wani labarin ake yi."

Maigidanta, mai gyaran wutar lantarki ne, mutum mara yawan magana. Ya saurare ta har ƙarshe yana zaune a bakin gado da takalmin aiki a ƙafa. Ya ce, "Yarinyar fa?" Ta ce likita ya ce a bar ta tukuna, in ba a ga alama ba sai ta girma ta zaɓa da kanta. Ya gyaɗa kai, ya fita tsakar gida ya hau gyaran fankar da ba abin da ya same ta.

Ranar Asabar da hantsi ta tara su a falon Umma. Yaya a can take zaune tun da aurenta ya mutu, shekara tara ke nan. Auta ta zo da ƙyar tana dafe da ƙugu, ta miƙe ƙafafu a kan matashi. Minti ta shirya maganar tun a mota, amma da ta buɗe baki sai komai ya zo a hargitse, ƙarshen ya riga farkon fitowa.

"Dakata," in ji Umma. "Wane irin ciwo kuma? Mahaifinku lafiyarsa ƙalau ya mutu."

Auta ta ƙyalƙyale da dariya, ita kaɗai. Da ta ga ba wanda ya taya ta, sai ta daina.

"Umma, zuciyarsa ce mai yiwuwa," in ji Minti. "Da an sani, da an riƙa auna shi."

"Da an sani! Ku 'yan boko ba ku da aiki sai tono. Kin je a cire miki ƙari, kin dawo mana da ciwon dangi gaba ɗaya. Kin san abin da kike ɗaukowa kuwa? Maganar nan ta fita ƙofar gidan nan, shi ke nan an sa mana suna. 'Yarki ta girma wa zai tunkare ta? Wannan kuma," ta nuna Auta da haɓa, "dangin mijinta su ji, me kike so su ce?"

Sai Yaya ta tsoma baki. Tana zaune tana kallon tafin hannunta, tana dunƙulewa tana buɗewa. "Ke nan shi ya cinye min mahaifa?"

"Ba su ce haka ba, Yaya. Zargi suke, ba su tabbatar ba."

"To uban me zan yi da zargi?" Muryarta ta tashi. "Shekara tara ina tambayar kaina me na ci, me na sha, me na yi. Uwar mijina ta ce ƙwayoyi na sha a ɓoye don kada in haihu, ni da ko maganin ciwon kai sai an lallashe ni. Yanzu ki zo ki ce wataƙila da shi aka haife ni, wataƙila kuma a'a? Ki kawo min eh ko a'a, Minti, ko ki bar ni yadda kika gan ni."

"Ba ni da ko ɗaya. Abin da nake da shi, Yaya, lokacin da aka yi miki aiki, kwana nawa kika yi ba ki farfaɗo ba?"

Kwana biyu Yaya ta yi a kan injin numfashi, likitocin suna cewa ba su gane dalili ba. Umma ce ta yi kwana biyun a tsaye a bakin ƙofar ɗakin. Ta tashi ta shige kicin, suka ji tana buga tukwane da ba su yi mata laifin komai ba.

Auta ta jawo jakarta. "Ni dai ba abin da zan gwada. Lafiyata lau, hannuna na buɗewa, ku gani." Ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe. "Ku bar ni in haihu cikin kwanciyar hankali, don Allah."

Mako biyu Auta ba ta ɗaga wayarta. Minti ta koma aiki tana shan maganin ƙarin jini kafin ranar tiyata, amma hankalinta ba ya aji. Ta ba yara jimla ɗaya sau biyu ba ta lura ba. Ta fara jin haushin kanta, wani lokacin har da likitar da ta ga hannunta. Da ba ta yi wannan dariyar ba, da ta ɓoye hannun a mayafi, da yanzu kowa na zaune lafiya. Sai kuma ta tuna da Baba a kife a kan tebur, mai rediyo na leƙe yana komawa.

A mako na uku ta tashi daga makaranta ta wuce kai tsaye kantin kayan rubutu inda Auta ke aiki. Ta same ta a bayan kanta tana jera littattafai a zaune. Cikin ya yi wani irin girma, ya yi tsini, fatar hannunta da ƙafa a kumbure.

"Yaya Minti, in faɗa kika zo ba ni da ƙarfi."

"Ganin ki na zo yi."

Auta ta ci gaba da jera littattafan. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "A wajen awo sun ce ruwan cikin ya yi yawa. Kuma ba ya motsi sosai. Na ɗauka malalaci ne irin ubansa." Ta ajiye littafin hannunta. "Yana cikin abin da likitanki ya faɗa?"

Yana ciki. Likitan jijiya ya ambata shi da bakinsa ranar da ta gaya masa ƙanwarta na da ciki. Minti ta so ta ce a'a, har bakinta ya buɗe. Ta zagaya bayan kantar ta durƙusa a gabanta.

"Yana ciki, Auta. Ba lalle shi ne ba. Amma in shi ne, gara su sani kafin ranar, su tanadi abin da za su tarbe shi da shi."

"Shi zan fara gaya wa," in ji Auta, tana nufin mijinta. "In ya ji daga baya a bakin wani, ba zai yafe min ba."

Mijin, direban motar kamfani ne, shi da kansa ya kai ta gwajin. Yaya ma ta biyo su ba wanda ya roƙe ta, ta zauna a kujerar baya fuska a ɗaure, ta ce ita iska ta fito sha, amma da aka isa ita ma ta miƙa hannu aka ɗebi jininta. Da sakamako ya fito, Yaya da Auta duka suna da shi. Minti ta yi lissafin ba da son ranta ba: a ce 'ya'ya uku duk su ɗauka, ɗaya cikin takwas ne. Ba abin mamaki ba ne a takarda. A aji da ta ce wa yara wannan ai yana faruwa kullum.

Aka yi wa Minti nata aikin a babban asibiti, likitan barci ya zo har gado sau biyu yana yi mata tambayoyi kafin ranar. Aka cire ƙarin uku, aka bar mata mahaifarta, aka ajiye ta kwana biyu a ɗakin da ake sa wa marasa lafiya ido sosai. Ta farka a kan lokaci. Yaya ce a kanta, tana goge mata leɓe da auduga mai ruwa.

"Kin tashi da mahaifarki a jikinki," in ji Yaya. Ba da ɗaci ta faɗa ba, amma Minti ta kasa haɗa ido da ita.

Kafin a sallame ta likitar mata ta zo da wata takarda. Ta ce akwai masu tattara bayanan matan da ke da ciwon nan, don a gano ko da gaske yana da alaƙa da ƙarin mahaifa. Ba za a sa sunan kowa ba, kuma ba dole. Ta kuma ce kada su sa rai da amsa nan kusa, abu ne na shekaru, ta yiwu ma a ƙarshe a ce babu alaƙar. Minti ta ce za ta yi tunani. Washegari Yaya ta shigo da wata tsohuwar jakar leda, cike da takardun aikinta na shekara tara, har da hotunan da suka fara dushewa. Ta dire a teburin likitar.

"Ku rubuta ni. In kun gano, ku neme ni ku faɗa min, ko na tsufa ina dogara sanda. Ina da wadda zan je in gaya wa."

Naƙudar Auta ta zo saura wata guda. Da rana tsaka aka fito da jaririyar, mace, ba ta yi kuka ba. Jikinta sakwaf kamar rigar da aka jiƙa, bakinta a buɗe. Amma likitocin yara uku na tsaye suna jira da kayansu, kafin Auta ta tambayi me ta haifa har an sa wa yarinyar bututun numfashi an wuce da ita. Kwana sha tara ta yi a kwalba. Ba ta iya tsotso, ta hanci ake ba ta nonon da Auta ke tatsa tana kuka. A kwana na ashirin aka cire injin, ta ja numfashi da kanta. Likitan yara ya ce ta tsallake mafi wuya, amma bai ɓoye musu ba: zama da tafiya da magana duk za su iya zuwa a makare, ba wanda zai iya cewa iya ina za ta kai.

A cikin kwanakin nan ne surukar Auta ta zo dubiya. Ta leƙa ta gilashi, ta juyo ta ce wa ɗanta a gaban kowa, "Mu dai a danginmu ba mu san wannan ba." Ɗan ya ce, "Yanzu kin sani, tunda jikarki ce," ya raka ta har bakin titi. Umma na zaune a kan benci ta ji komai. Abin da take tsoro ya faru a kunnenta.

Bayan matar ta tafi, Minti ta zauna kusa da Umma a hankali saboda ɗinkin da bai gama warkewa ba. Masu shara suka wuce da bokiti, wata nas ta tura keken magani.

"Da ba su shirya ba, da ba ta rayu ba ko?" in ji Umma.

"Haka likitan ya ce."

Umma ta gyara mayafi. "Kina da biro a jakar nan?"

Minti ta ciro biro da wata takardar jarrabawa da ba a rubuta komai a bayanta ba.

"Rubuta. Gwaggonku da ta rasu, 'ya'yanta huɗu. Babbar an yi mata aikin ciki shekarun baya, ban tambayi na mene ne ba, lokacin ba ma shiri. Sai baffanku na wajen tasha, wanda ake cewa shaye-shaye yake saboda maganarsa na jan harshe. Ni na san bai taɓa shan komai ba, na dai yi shiru. Yana da 'ya'ya mata biyu, ƙaramar an kusa kai ta ɗaki." Ta tsaya ta numfasa. "Akwai kuma wanda kakarku ta haifa kafin babanku, bai kwana ba. Shi ba sai kin rubuta ba."

Mutum bakwai suka fito a takardar. Minti ta dube su. Wasu rabonta da su tun rasuwar Baba, wasu in ta gan su a hanya ba za ta shaida su ba. Kowane ɗaya gida ne da za ta shiga da maganar da ba a gayyace ta ba, kuma ta san akwai waɗanda za su zage ta, akwai waɗanda za su kashe waya.

"Umma, ba kya tsoron a sa mana sunan?"

"Ina tsoro mana. Fara da babbar 'yar gwaggonku, ta fi su hankali."

Sai da Minti ta kira mutum biyu kafin ta sami lambar. Ta koma ƙarshen barandar inda ba hayaniya, ta jingina da bango. Wayar ta yi ta ƙara har ta kusa katsewa, sannan wata murya ta ɗauka, ana jin kukan yaro da ƙarar famfo a bayanta.

"Wa ke magana?"

"Ni ce, 'yar kawunki mai agogo. Ta tsakiyar."

"Ikon Allah! Yau kuma? Lafiya dai ko? Wani ne ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Wata magana ce, tana da ɗan tsawo. Kina da lokaci?"

Ta ji an rufe famfon, an ce wa yaron ya je wajen yayarsa.

"To, na zauna," in ji matar. "Ina jin ki."